Wa Ke Biyan Kuɗin Bikin Gari?

Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai lokacin bukukuwa ya kama. Nan kokawa, can dambe, wani wuri kuma su. Da Sallah hakimai su ɗaura sirdi su tafi birni hawa. Ɗan kallo ado yake gani, kiɗa yake ji. Amma kafin a buga ganga an riga an kashe kuɗi. An share fili, an kafa rumfuna, an yi hayar kujeru da lasifika, an dafa wa baƙi abinci, an tanadi kyautar wanda ya yi zarra.

Attajiran gari sukan ba da nasu. Masarauta da 'yan siyasa ma haka. Amma idan biki babba ne, kwamitin biki yakan nufi sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙoƙon bara. To, ita ina take samo kuɗin?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce kason wata-wata daga asusun tarayya. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya. A cikin kowace naira 100 da aka raba daga wannan asusu, naira 20 da kobo 60 ne rabonsu su duka. Ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida, wato kuɗin rumfar kasuwa da na kara da na tashar mota da na mahauta. A karkara waɗannan ba su taka kara sun karya ba. Dattawa za su tuna zamanin En'e, lokacin da haraji da jangali suke cika baitulmali. An sauya wancan tsari a 1976, kuma a 1979 jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali.

Kuɗin nan tun kafin su iso suna da masu jira. Akwai albashin malaman firamare da na ma'aikatan ɗakin shan magani. Akwai kason masarauta. Akwai rijiya da kwalbati da gyaran kasuwa. Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, har da kula da maƙabarta da kwasar shara da rajistar haihuwa, amma bai ambaci biki ba. Ba a hana ta taimakawa ba. Sai dai duk nairar da ta tafi filin kokawa, daga tukunyar da ake ɗebo kuɗin rijiya aka ɗebo ta.

Wannan bai sa biki ya zama ɓarna ba. A duba Argungu ta jihar Kebbi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Aka yi masa su don girmamawa, daga nan bikin ya samo asali. Yau masunta dubbai ne suke rugawa cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, kowa yana neman kifin da ya fi girma. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya, kamar yadda ta sa hawan Sallah na Kano a 2024. Biki irin wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya, gwamnatin jiha ce ke ɗaukar babban nauyin, kamfanoni su kawo kyaututtuka.

Bayan na 2009 an daina yin bikin, ba a sake ba sai 2020. A waɗannan shekaru ba masunta kaɗai ne suka ji a jikinsu ba. Mai tuwo da mai tsire da direba da mai ba da hayar ɗaki duk sun rasa cinikin da suka saba yi. Biki kasuwa ce, ko da na ƙauye ne.

Yaya kuɗin ke fita bisa ƙa'ida? Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take farawa zuwa Disamba. Kafin ta kama, ciyaman yakan kai kasafin kuɗi gaban kansiloli su duba su amince. Abin da ba ya cikin kasafi, fitar da shi yana da wuya. Nan ne kwamitocin ƙauye da yawa suke kuskure. Sai saura mako biyu biki su tafi sakatariya, a ce musu babu, su dawo suna zagin ciyaman. Dabara ita ce a rubuta takarda tun damina, a faɗi ranar biki da abin da ake bukata da kuɗinsa, a ba kansilan mazaɓa ya kai, kwamiti kuma ya ajiye kwafe.

Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, ciyamomi suna kukan ba ya isowa cikakke. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai za a ba, ban da na riƙo.

Ba lallai taimako ya zama tsabar kuɗi ba. Kuɗi a hannu sukan ƙare a abincin manyan baƙi da man motocinsu, washegari gari ya koma yadda yake. Kwamiti mai wayo yakan roƙi a turo gireda ta gyara hanyar shiga gari, a kawo tankar ruwa, a gina masai kusa da fili, a turo malamin asibiti da magani. Baƙi za su watse, hanya da masai su zauna.

Idan kuwa kuɗi aka bayar, ma'aji ba ya biya sai da takarda, kuma mai binciken kuɗi zai nemi rasit. Haka mutanen gari suke da ikon tambayar kwamitinsu. Bayan biki sakatare ya tsaya a ƙofar dagaci ya karanta lissafi a gaban kowa: abin da ƙaramar hukuma ta bayar, abin da attajirai suka tara, abin da aka kashe, da abin da ya rage don baɗi.