Kogo Ma Yana da Zaure da Ƙuryar Ɗaki

Gida ɗaya ne, amma makwanci yana bin lokaci. A Atantane, kamar sauran karkarar Tasawa da Mayahi, idan bazara ta kankama a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kowa kan ja tabarmarsa tsakar gida. Hadari ya taso, a koma ɗaki. Ɗarin Disamba da Janairu kuwa sai ƙuryar ɗaki, ga kaskon wuta a gefe.

Haka dabbobi ke zaman kogo. Bakinsa shi ne zaure: rana na leƙowa, iska na kaɗawa, dare da rana kowanne da yanayinsa. Can ƙurya kuwa zafin kusan ɗaya ne duk shekara, daidai da matsakaicin zafin yankin, wanda a ƙasar Maraɗi bai yi nisa da digiri 28 ba. Ga kuma laima da ba ta yankewa.

Laimar nan ce ke jan ƙananan jemagu masu cin ƙwari. Fiffikensu siririyar fata ce, ruwan jiki na saurin tsanewa ta nan, don haka idan hunturu ya busar da ƙasa sai su nausa ciki, su cure wuri guda. Haihuwa kuwa sukan saita ta da damina, lokacin da shinge da sauran ƙwari suka wadata, matan su taru da jariransu inda rufin kogo ya fi ɗumi. Kashinsu da ke zuba ƙasa shi ke ciyar da kyankyaso da gyare, su kuma kunama da gizo-gizo na dakonsu. Rema ba ta nisa da ƙofa: ta fito shan hantsi, rana ta take ta koma inuwa.

Ƙasar Gulbin Kaba, inda Mayahi take, rairayi ce, kogon dutse sai an dangana da irin Birnin Kudu a Jigawa ko Kwatarkwashi a Zamfara. A ƙasar rairayin nan kogon tsohuwar kuka, matacciyar rijiya da tsohon suri ne ke ɗaukar baƙin. Ruwan sama ya cika ramuka, macizai da kunamu su fito neman tudu, shi ya sa manomi ya fi gamuwa da su lokacin noma.

Saboda haka mai sare kuka mai kogo, ko mai tura mata hayaƙi, ya san cewa gida guda yake tayarwa. Cikin masu gidan kuwa har da jemagun da ke kwana suna rage masa ƙwari a gonar hatsi.