Idan Zanga-zanga Ta Riske Ka a Ƙasar Waje

Ɗan kasuwar Daura mai bi ta Kwangwalam zuwa Damagaram ya san hanya sarai, amma ba lallai ya san ranar da gari zai hargitse ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, ana idar da salla zanga-zanga kan zanen mujallar Charlie Hebdo ta ɓarke a Damagaram. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da coci-coci, aka rasa rayuka. Washegari zanga-zangar ta kai Yamai.

Baƙo ba shi da abin nema a irin wannan taro. Da ka hango hayaƙin tayoyi, koma masauki, ka bar mai masaukinka ya faɗa maka hanyar da ke buɗe. Kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto. Barkonon tsohuwa bai san ɗan kallo ba. Takardunka su zauna a aljihu, motar kaya kuwa ta kwana a tasha.