Wa Zai Zauna A Bayan Motar Asibitin?

Duk sanda wani gwamna ko ɗan majalisa ya jera sababbin motocin asibiti aka ɗauki hoto, sai gardama ta kaure a Facebook da teburan masu shayi: nawa aka sayo su, wa ya ci kwangilar, wace ƙaramar hukuma aka tsallake. Gardamar ta ƙaru tun 2022, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS, wanda ya yi alkawarin ɗauko majinyaci da biyan kuɗin jinyarsa na awa 48 na farko. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi mutumin da zai zauna a bayan motar tare da mai raunin.

Yawancinmu mun ɗauka aikin motar asibiti gudu ne da jiniya, direba ya taka wuta a isa da wuri. Wannan tunanin yana ɓata mini rai, domin rayuka da yawa a bakin titi ake rasa su, tun likita bai ga fuskar mutum ba. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba tare da iska ba. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, jinin mutum kan tsiyaye cikin mintoci. Wanda ya suma yana kwance rigingine, harshensa ko amansa kan toshe masa maƙogwaro. Ma'aikacin agajin gaggawa shi aka koya wa buɗe hanyar numfashi, ɗaure hannu ko ƙafa a sama da rauni don tsayar da jini, da danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya idan zuciya ta tsaya. Direba, komai ƙwarewarsa, ba wannan ya koya ba.

Dubi yadda muke yi idan mota ta kife. Jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a jawo mutum ta taga, a kwara masa ruwa, a ɗura masa wani a baki, a naɗe shi cikin A Daidaita Sahu. Ƙashin baya kamar carbi yake: ƙwayoyi a jere, laka ta ratsa tsakiyarsu kamar zare. Idan ƙwaya ɗaya ta tsage, zaren yana iya zama lafiya lau, sai an lanƙwasa ko an fizga sannan kaifin ya yanke shi. Carbi ana sake masa zare, laka kuwa in ta tsinke shi ke nan. Mutum yakan tsira daga haɗarin, hannun masu taimako ya shanye masa ƙafafu. Ɗaure wuya da ɗora mutum a kan allo a miƙe abu ne da matashi zai koya cikin 'yan kwanaki, amma sai an koya masa.

Matasan kuwa muna da su. Kwalejojin koyon aikin lafiya suna yaye ɗaruruwa, da yawansu suna zaune a gida ko suna tsaron kemis. Ga 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam, ga 'yan Red Cross, waɗanda suke tsayuwa cikin rana a filin Idi da sansanin alhazai ba don kuɗi ba. Wanda ya saba da kaki da bin umarni da hidimar jama'a ya riga ya yi rabin tafiya. Abin da ya rage shi ne horo na gaske, da jarrabawa, da takardar da hukuma ta amince da ita.

Maƙwabta sun gane haka. Ghana ta kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, tana da makarantar horar da ma'aikatanta a Nkenkaasu, don haka da ta raba motoci 307 a 2020 akwai wurin da ake tarbiyyar masu shiga cikinsu. A gida ma, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya daɗe yana horar da irin waɗannan ma'aikata. Mu a Arewa, masu dogayen hanyoyi irin ta Kano zuwa Maiduguri, mun fi kowa bukata. Fashewar tankar mai a Majiya, jihar Jigawa, a Oktoban 2024, wadda ta ci sama da mutum 150, ta nuna yadda masu ƙuna kan cika asibitocin kusa cikin dare guda.

Horo kaɗai ba zai riƙe matashi ba. Aiki ne na kwanan zaune, ana ganin jini da gawar yara, wani lokaci dangin majinyaci su huce a kanka. Wanda aka ɗauka a matsayin ma'aikacin wucin gadi, ba albashi tsayayye, ba ƙarin girma, zai gudu ranar da ya samu wata ƙofa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar mai bukatar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Majalisun jihohi su riƙa tambayar kwamishinan lafiya, kafin su amince da kuɗin sayen kowace mota, ma'aikata nawa aka horar mata, kuma a wane layi na kasafin kuɗi albashinsu yake.