Yadda Haske Ke Tona Shekarun Rukunin Galaksi

Galaksi, wato tarin biliyoyin taurari da ƙarfin janyowa ya ɗaure wuri guda, ba ta cika zama ita kaɗai ba. Yawancinsu a rukuni suke. Namu rukunin na da manya biyu, galaksinmu da Andromeda mai nisan shekarun haske miliyan 2.5, sai Triangulum mai bi musu, sai ƙanana masu dusashen haske fiye da hamsin. Haka rabon yake kusan ko'ina: masu ƙyalli 'yan kaɗan, dusassu bila adadin. A 1976 Paul Schechter ya tsara lissafin wannan rabo, kuma har yau da shi ake aiki.

To amma rabon ba ya tsayawa yadda yake. Da yake haske na ɗaukar lokaci kafin ya iso, duk wanda ya hango rukuni mai nisa, ƙuruciyarsa yake kallo. Kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, galaksi na haifar taurari babu ƙaƙƙautawa, suna walƙiya da shuɗin haske. Manya ne suka fara daina haihuwa, haskensu ya koma ja. Ƙananan sun biyo baya a hankali, sau da yawa bayan iskar gas mai zafi da ke cikin rukunin ta kwashe musu tasu iskar.

Labarin matsakaita ya fi ɗaukar hankali. Galaksi mai nauyi da ke ratsa rukuni tana rasa gudu sannu a hankali, tana gangarawa tsakiya, kamar yadda lissafin da Chandrasekhar ya yi a 1943 ya nuna. Mafi nauyi ita ke riga gangarawa, don haka babbar galaksin da ke tsakiyar rukunin ta fi saurin haɗiye na kusa da ita a girma, ta bar 'yan mitsitsin suna kewaye. Babban kifi ke nan, mai zaɓen abin da zai ci.

A 1994 Trevor Ponman da abokan aikinsa suka gano rukunin da wannan aiki ya riga ya kammala a cikinsa: galaksi ɗaya ƙatuwa a tsakiyar gas mai zafi. A irin waɗannan, babbar ta fi mai bi mata haske sama da ninki shida. A ganina wannan tazara ta fi ƙidayar galaksi faɗin gaskiya game da tarihin rukuni.

Namu bai kai nan ba. Manyan biyu na raye, ko da yake Andromeda na tunkaro mu da gudun kilomita kusan 110 a daƙiƙa.