Tsofaffin Taswirori Sun Adana Tarihin Ƙauyen Las Trampas

A arewacin Jihar Niyu Meksiko ta ƙasar Amurka, kan hanyar da ta ratsa duwatsu daga Santa Fe zuwa Taos, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Las Trampas. Ƙasa ce busasshiya mai tudu, tsayinta ya wuce mita 2,000 daga bakin teku, kuma noma ba ya yiwuwa a can sai da ban ruwa. Duk da ƙanƙantar ƙauyen, masu binciken tarihi suna yawan komawa ga tsofaffin taswirorinsa, domin a cikinsu ne ake ganin yadda mutanensa suka sami ƙasa da yadda ta kuɓuce musu.

An kafa ƙauyen a shekarar 1751, zamanin da yankin yake hannun Sifen, sa'ad da Gwamna Tomás Vélez Cachupín ya yanka wa iyalai 12 daga Santa Fe fili su zauna. Kowane magidanci ya sami gona mai faɗin vara 180, watau kusan mita 150, sa'an nan aka bar daji da makiyaya don amfanin kowa da kowa. Da limamin Kirista Domínguez ya ziyarci wurin a 1776, ya tarar da iyalai 63, mutum 278. A wannan zamani ne aka gina majami'ar San José de Gracia da tubalin laka, wadda har yau tana tsaye.

Wanda ya dubi taswirar gonakin kwarin zai ga sun zama dogaye sirara, kowace ta miƙe daga magudanar ruwa zuwa rafi. Dalili kuwa shi ne, idan magidanci ya rasu akan raba gonarsa a tsaye, don kowane magaji ya sami bakin ruwa. Saboda haka gonaki biyar da ke jere suna iya zama gona ɗaya ta kaka ɗaya tun asali. Mai neman asalin gidansu yakan ɗauki sunayen da ke takardun fili, ya gwada su da littattafan baftisma da na aure na majami'a, har ya gano wane ne ya haifi wane.

To, amma taswira takan zama makami. Bayan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 yankin ya koma hannun Amurka, aka kuma buɗe ofishin babban safiyo a 1854 don tantance filayen da Sifen da Meksiko suka bayar. Tsofaffin takardu da duwatsu da rafuka da kwazazzabai suke faɗin iyaka, su kuwa sababbin masu awo sarƙa da kamfas suka sani. Majalisar Amurka ta amince da filin Las Trampas a 1860. Awon 1876 ya ba shi kimanin eka 46,000, amma da aka sake awo sai ya koma kimanin eka 28,000.

Wannan ma bai tsira ba. A shekarar 1900 aka shigar da ƙara a kotu ana neman a raba filin gamayyar, alhali yawancin mazauna ba su san ana shari'ar ba. Kotu ta ce a sayar, aka yi gwanjonsa a 1903, ya faɗa hannun 'yan kasuwa da masu yankan katako. A 1926 ya shiga cikin gandun dajin gwamnati na Carson. Mutanen ƙauye suka tsira da gidajensu da gonakin ban ruwa, amma dajin da kakanninsu suke kiwo da yin itace a ciki ya zama sai da izini.

A yau takardun zamanin Sifen suna ajiye a ma'adanar tarihi ta jiha a Santa Fe, taswirorin safiyo na gwamnatin tarayya kuwa ana iya ganin da yawansu ta intanet. Sai dai a lura, kowace taswira tana nuna abin da ya dami wanda ya zana ta ne. Ta safiyo iyaka take nema, ba ruwanta da sunan da tsofaffi suke kiran wani kwari, ko hanyar da tumaki suke bi. Don haka mai bincike na ƙwarai yakan jera taswirori na shekaru daban-daban, ya dubi inda suka saɓa, sa'an nan ya kai su gaban dattawan gari su gyara masa.

Mutanen Las Trampas sun san ƙasarsu dutse bayan dutse, amma ranar shari'a takarda aka tambaya. Duk gidan da ke da tsohuwar taswirar gona ko takardar gado a ƙasan akwati, ya kamata ya fito da ita, a karanta ta tare da dattawa tun suna raye.