Chigozie Agbim: Golan da ya kai sunan Gombe United Brazil a shekarar da ta faɗi

A jerin 'yan wasa 23 da Najeriya ta miƙa wa hukumar FIFA domin gasar cin kofin duniya ta 2014, akwai masu tsaron gida uku. A gaban sunan Vincent Enyeama an rubuta Lille ta Faransa, a gaban na Austin Ejide kuma Hapoel Be'er Sheva ta Isra'ila. Na ukun shi ne Chigozie Agbim, ƙungiyar da aka rubuta a gaban sunansa kuwa ita ce Gombe United, wadda ke karɓar baƙinta a filin wasa na Pantami.

Agbim, haifaffen 1984, ya yi suna ne a Warri Wolves kafin ya koma Enugu Rangers. A lokacin ne marigayi Stephen Keshi ya karɓi ragamar Super Eagles, ya kuma dage cewa sai an dama da 'yan wasan da ke taka leda a gida. Mutane da dama sun ɗauki abin a matsayin gangancin koci, har sai da Sunday Mba, wanda shi ma ɗan gasar gida ne, ya zura ƙwallon da ta kayar da Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 10 ga Fabrairun 2013. Agbim yana cikin wannan tawaga, ko da yake a benci ya kalli gasar. Duk da haka ya shiga cikin waɗanda Shugaba Goodluck Jonathan ya bai wa lambar girmamawa ta MON da naira miliyan 5 da fili a Abuja.

Jarrabawarsa ta gaskiya ta zo ne a watan Janairun 2014, a gasar CHAN da aka yi a Afirka ta Kudu, wadda 'yan wasan cikin gida kaɗai ke bugawa. A nan babu Enyeama da zai tare masa rana. Shi ne gola, shi ne kuma kyaftin. Mali ta doke Najeriya 2-1 a wasan farko. A karawa da Mozambik, wadda Najeriya ta ci 4-2, an jefa masa ƙwallo daga wuri mai nisan gaske, abin da ya sa masu sharhi suka yi masa ca. Sai kuma wasan Maroko, inda aka tafi hutun rabin lokaci an zura masa uku ba ko ɗaya, kafin Rabi'u Ali na Kano Pillars da abokansa su farke, a tashi 4-3 bayan ƙarin lokaci. Ghana ta tare musu hanya a bugun fenariti, suka doke Zimbabuwe 1-0 suka dawo da tagulla.

Adalci ya wajabta a ce ba duk ƙwallayen nan ne laifinsa ba, domin 'yan bayan ma sun yi ta sakaci. Amma haka aikin gola yake: ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar a manta da zarar ya ci ɗaya, shi kuwa kuskure guda sai ya bi shi shekaru. Keshi bai juya masa baya ba.

A cikin wannan hayaniya ne ya bar Rangers ya nufi Gombe. Lissafin a fili yake. Golan da ba ya buga wasa a ƙungiyarsa ba shi da hujjar neman kujera a jirgin Brazil, ita kuma Gombe United, mallakar gwamnatin jiha, ta samu ɗan wasan ƙasa a ragarta. Ba baƙuwar ɗaukaka ba ce, don ita ce ta zo ta biyu a bayan Enyimba a 2007, ta kuma wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka a 2008, amma an daɗe rabonta da irin wannan matsayi.

A Brazil, Najeriya ta yi canjaras da Iran, ta doke Bosniya 1-0, Ajantina ta ci ta 3-2, sannan Faransa ta fitar da ita da ci 2-0 ranar 30 ga Yuni a birnin Brasilia. Enyeama ne ya tsare gida a dukkan wasannin huɗu. Agbim bai taka fili ko na minti ɗaya ba.

Sai dai zaman bencin ma yana da kuɗinsa, kuma wannan ɓangare ne da ya kamata masu riƙe da fayilolin wasanni a ma'aikatu su sani. A gasar 2014, FIFA ta ware dala miliyan 70 domin biyan ƙungiyoyin da suka saki 'yan wasansu, a kan dala 2,800 ga kowane ɗan wasa a kowace rana, ko ya buga ko bai buga ba. Ana raba kuɗin ne tsakanin ƙungiyoyin da ɗan wasan ya yi wa rajista a shekara biyun da suka gabaci gasar. Ke nan takardar rajista da ranar da aka sanya mata hannu su ne ke yanke rabon kowace ƙungiya, ba ƙwazon ɗan wasa a fili ba. Ƙungiyar da ke jiran kason gwamnati kafin ta biya albashi ba za ta raina irin wannan kuɗi ba.

A gida kuwa kakar ba ta yi wa Gombe daɗi ba. Kano Pillars ta ɗauki kofin 2014, karo na uku a jere, yayin da Gombe United ta faɗa rukuni na biyu tare da Kaduna United da Crown da Nembe City. Ta dawo babbar gasa a 2017 ta sake faɗuwa a kakar, haka kuma ta ci gaba da hawa da sauka har zuwa 2024, lokacin da ita da maƙwabciyarta Doma United, wadda suke raba filin Pantami, suka faɗi tare.