Yadda Ake Auna Saurin Kamuwa da Cuta a Cikin Al'umma

Masana ilimin bazuwar cututtuka ba sa gamsuwa da adadin waɗanda suka kamu da ciwo shi kaɗai, domin adadi ba ya bayyana girman haɗari sai an san daga cikin mutum nawa aka same shi, kuma a tsawon wane lokaci. Ma'aunin da suke amfani da shi, wanda za a iya kira ƙimar sabon kamu, yana ƙirga waɗanda cutar ta kama a karon farko cikin wani ƙayyadadden lokaci, a raba su da yawan mutanen da cutar za ta iya kamawa, sannan a ninka da 1,000 ko 100,000 don a sami lambar da za a iya kwatantawa. Wannan ya sha bamban da ƙidayar duk masu ɗauke da cuta, tsofaffin kamu da sababbi, wadda ta fi dacewa da ciwon da ke daɗewa a jiki kamar hawan jini.

Sanƙarau, wanda ke addabar yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ciki har da arewacin Nijeriya da Nijar, musamman daga lokacin hunturu zuwa bazara, yana nuna amfanin wannan lissafi a sarari. A ƙaddara cewa a mako guda mutum 24 sun kamu a gundumar da ke da mutum 200,000, yayin da 40 suka kamu a wata mai mutum 800,000. Idan aka raba aka ninka, ta farkon tana da 12 cikin kowane 100,000, ta biyun kuwa 5 kacal, wato inda adadin ya fi ƙanƙanta nan ne wutar ta fi ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora ƙa'idarta a kan irin wannan lissafi: a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan waɗanda ake zaton sun kamu suka kai 3 cikin 100,000 a mako ana shiga shirin ko-ta-kwana, idan suka kai 10 kuwa an shiga annoba. Shi ya sa ake karkasa manyan gundumomi kafin a yi lissafi, don kada yawan jama'ar birni ya lulluɓe ɓarnar da ake yi a ƙauyuka uku ko huɗu.

A binciken da ake bibiyar mutane na dogon lokaci, ana tara tsawon lokacin da kowa ya yi yana fuskantar haɗari, tunda wanda ya kamu, ko ya ƙaura, ko ya rasu, ya fita daga lissafi tun daga ranar. Idan aka bi mutum 100 shekara guda, goma suka kamu a tsakiyar shekarar, to sauran 90 sun ba da shekara 90, goman kuma shekara 5, jimilla 95, kuma da wannan za a raba goman.

Rabawa da ninkawa ba su ne wahalar aikin ba; wahalar tana wajen lambobin da ake zubawa a ciki. Yaron da ya yi zazzaɓi da sanƙarewar wuya, aka yi masa magani a gida ko a kantin kemis, bai shiga rajistar asibiti ba, saboda haka lambar sama, wato adadin waɗanda suka kamu, takan gaza gaskiya. Ta ƙasa ma, wato yawan jama'ar da ake rabawa da shi, ba ta tsira ba, domin rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma yawan mutanen kowace ƙaramar hukuma da ake rabawa da shi a yau kintace ne da aka gina a kan waccan ƙidaya.